Silin ya lotsa, fenti na ɓarewa: wane mai gyara zan ba aikin?

Tambaya daga wata Hajiya a Aboabo, Kumasi: "Silin ɗin falona na allon jifsam ne. Bayan damina ya yi tabo ruwan ƙasa, wani gefe kuma ya lotsa ya sauko. A ɗakin kwana fenti yana kumbura yana ɓarewa daga ƙasan bango, ga wani farin gari kamar gishiri. Na kira masu gyara biyu. Ɗaya ya ce a kwana biyu zai gama, kuɗinsa kaɗan. Ɗayan ya ce sai an fasa filasta, kuɗinsa ya kusa ninki uku. Wa zan ɗauka, kuma yaya zan yi kada a cuce ni?"

Hajiya, kafin ki duba kuɗin da kowannensu ya yanka, tuna abin da kowanne ya yi da ya shigo gidan. Wanne ne ya nemi tsani ya leƙa cikin rufi? Wanne ne ya zagaya bayan ɗakin ya ga abin da ke jingine da bangon nan, ya ƙwanƙwasa filastar ya saurara? Matsalolinki guda biyu duk ruwa ne ya kawo su, ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa. Duk wanda ya yanke miki farashi bai nemo inda ruwan ke shigowa ba, ɓoye tabo zai yi miki, kuma ruwan watan Afrilu na sauka za ki sake ganin abinki. Tsadar na biyun kuma ba ita ce shaidar ƙwarewarsa ba. Shi ma sai ya nuna miki da yatsa ga inda ruwa ke fitowa, ga abin da zai yi masa.

Mu fara da silin. Allon jifsam, wanda masu aiki ke ce wa filastabod, garin jifsam ne aka danne tsakanin takarda biyu. Ƙarfinsa yana jikin takardar nan ne. Idan ya sha ruwa cikinsa ya yi laushi, takardar ta saki, to ko ya bushe ba ya komawa yadda yake. Danna wajen da yatsa. Idan tabo ne kawai kuma allon na nan da tauri, ana iya barinsa a gyara fuskarsa. Idan ya lotsa, ko yana marmashewa, ko baƙin funfuna ya fito, sai yanka.

Ruwan da ke ɓata silin a gidajenmu yakan fito ne daga ƙusar kwano da ta saki ko robarta ta mutu, daga kwarin da rufi biyu suka haɗu, ko daga inda kwano ya shiga jikin bango a gidajen da aka ɓoye rufinsu bayan katanga. Irin wannan rufin ɓoye ya yi yawa yanzu a Kumasi da Accra, kuma magudanarsa na toshewa da ganye da leda, ruwa ya taru ya koma ciki. Akwai kuma bututun da ke fitar da ruwan na'urar sanyaya ɗaki, da fayif ɗin tankin sama. A lura cewa inda tabo ya fito ba lallai ne nan ramin yake ba, domin ruwa na bin katako ya yi tafiyar mita ɗaya ko biyu kafin ya ɗiga. Gyaran kwano aikin kafinta ne, fayif na mai gyaran famfo ne. Mai silin shi ne na ƙarshe a layi. A gyara yoyon, a bari ruwan sama mai ƙarfi ya sauka sau ɗaya, ko a hau a zuba ruwa da tiyo, a tabbatar ciki a bushe yake, sannan a rufe.

Ga yadda gyaran kirki yake tafiya, don ki san abin da za ki sa wa ido. Za a yanke ɓangaren da ya lalace a miƙe, kusurwa huɗu, a wuce iyakar tabon da kamar santimita 30, har yankan ya faɗa tsakiyar katako ko ƙarfen da ke riƙe da allon. Inda gefen bai sami abin kamawa ba, a sa masa sabon katako ta baya. Gefen allo da aka bari yana lilo shi ne yake fara tsagewa. Sabon allon ya zama kaurinsa ɗaya da tsohon. Wanda ya fi yawa a kasuwa na milimita 9 ne da na 12, girmansa mita 1.2 da mita 2.4. Idan aka liƙa na 9 a cikin na 12, sai an cika wajen da ƙulli mai yawa, shi kuma ƙulli mai kauri yana janyewa ya tsage. Da sukuru na allon jifsam ake ɗaurewa, baƙaƙen nan masu tsawon milimita 25 zuwa 32, tazarar kamar santimita 20 a silin, 30 a bango. Kan sukurun ya nutse kaɗan ba tare da ya yaga takarda ba, don wanda ya huda takarda bai riƙe komai ba. Idan kika ga mai aiki ya fito da ƙusar kafinta, ki dakatar da shi. Tana tsatsa, tsatsar ta ɓullo ta cikin fenti, kuma tana sakin allo idan katako ya bushe.

Gaɓar da allo biyu suka haɗu ita ce ke tona asirin mai aiki. Dole a sa mata tef, na takarda ko na raga, a binne shi cikin ƙullin toshe gaɓa, a bari ya bushe, a sake shafa na biyu mai faɗin da ya fi na farko, sannan na uku da zai kai kamar santimita 30, kowanne siriri, a goge da sanfefa mai laushi. Ƙullin da ke zuwa a dame cikin bokiti yana son kwana ɗaya tsakanin shafi da shafi, a damina ma ya fi haka. Lissafa da kanki, Hajiya: yanka da ɗaurewa, shafi uku, guga, fentin ƙasa, fenti hawa biyu. Wannan ba ya shiga kwana biyu sai an tsallake wani abu, kuma abin da aka fi tsallakewa shi ne tef. A cusa POP, wato farin garin jifsam da ake damawa da ruwa, a gaɓar kawai, ta yi kyau ranar biyan kuɗi, bayan 'yan watanni layi ya fito a miƙe daga bango zuwa bango. Inda kuma aka bar tsohon allo mai tabo, sai an fara shafa masa fentin ƙasa mai mai, domin tabon ruwa yana ratsa fentin ruwa ko hawa nawa aka yi.

Tun da an buɗe silin, a duba katakon da ke ciki. Da yawa ana amfani da katakon da ake kira wawa saboda sauƙin kuɗinsa da sauƙin aiki, amma gara da ƙwaro suna sonsa ƙwarai idan ba a shafa masa magani ba. Idan an soka masa sukudireba ta nutse, ko gari na zubowa, a canza shi, ko a koma ƙarfen silin mara tsatsa. Tazarar abin riƙon kada ta wuce santimita 40 ga allo na milimita 9, ko 60 ga na 12. Idan ta wuce, silin zai yi ciki ko ba ruwa. Fankar sama kuma a katakon rufi ko a kankare ake rataye ta, ba a jikin allo ba. Idan aikin ya taɓa wayar wuta, a kira mai wayarin da ke da lasisin Hukumar Makamashi ta Ghana, kamar yadda dokar wayarin ta 2011 ta tanada, kada a bar wa yaron mai silin. Kicin da banɗaki kuwa a sa musu koren allo, mai jure laima, amma shi ma ba ya jure yoyo.

Wasu gidajen silin ɗinsu zubin POP ne da zaren filas, ba allo ba. Gyaransa daban ne: a fasa wajen da ya ruɓe, a ɗaura sabon zubi da zaren da aka tsoma a ƙulli, a laƙe shi a katako. POP yana kamawa cikin mintuna kaɗan, shi ya sa ake dama shi kaɗan-kaɗan. Wanda ya fara ƙanƙara aka ƙara masa ruwa aka sake damawa ya mutu, ba ya da sauran ƙarfi. Ki tambayi mai aikin wanne ya iya a cikin biyun, don ba kowane mai POP ne ya iya gaɓar allo ba.

Yanzu bangon ɗaki, wanda shi ne babban aikin. Fenti da ke kumbura daga ƙasa zuwa kamar mita ɗaya, da farin garin nan, alamar bango na tsotsar ruwa ne daga ƙasa. Ruwan yana hawowa da gishiri, ya bushe a fuskar bango, gishirin ya taru ya ture fenti da filasta. Yana faruwa ne idan ba a sa leda ko shimfiɗar hana ruwa a tushe ba lokacin gini, ko an cika tsakar gida da ƙasa har ta kai tsayin daɓen ɗaki, ko kwata tana bin gindin bango, ko ruwan rufi na zuba a wajen yana fantsama. A unguwanni irin su Aboabo da Asawase, da Nima da Mamobi a Accra, gidaje sun matsu da juna, sau da yawa bayan bangon ɗakinki wurin wankan maƙwabta ne ko lungun da ake zubar da ruwan wanke-wanke. Kumasi kuma ta fi Accra samun ruwan sama nesa ba kusa ba, ƙasarta tana daɗewa a jiƙe. A Accra, gidajen da ke kusa da teku da waɗanda aka gina da yashi mai gishiri suna nuna irin wannan cuta ko da tushensu lafiya.

Akwai gwajin da za ki yi da kanki. Ki yanko leda fara kamar faɗin tafin hannu huɗu, ki manna ta a bangon, ki rufe gefunanta duka da salatif, ki bar ta kwana biyu. Idan raɓa ta taru a cikinta ta ɓangaren bango, ruwan daga cikin bango yake. Idan a bayanta ta taru, laimar ɗakin ce, ƙarancin iska ne, maganinsa taga da janye kabad daga jikin bango. Sannan ki ƙwanƙwasa filastar da gindin cokali. Inda ta yi ƙarar fanko ta rabu da bulo, ba abin da zai mayar da ita.

Idan daga cikin bango ne, na biyun ya yi gaskiya da ya ce sai an fasa. Amma aikin waje ne na farko: a janye ruwan da ke gindin bangon, a rage ƙasa har ta sauka aƙalla santimita 15 ƙasa da daɓen ɗaki, a zuba dakali mai gangara da ke kai ruwa nesa, a sa wa rufi magudana. Sannan a ciki a kankare filasta har bulo ya fito, a wuce iyakar laimar da santimita 30, a share gishirin da busasshen buroshi, kada a wanke shi da ruwa don zai narke ya koma ciki. A bar bangon ya sha iska makonni, gwargwadon yadda ya jiƙe. Sabuwar filasta a wajen nan ta zama siminti ɗaya, yashi uku, da maganin hana ruwa da ake zubawa a kwaɓi bisa ma'aunin da ke jikin kwalinsa. A sauran bango, ɗaya da huɗu ko ɗaya da biyar ya isa. Buhun siminti mai kilo 50, na Ghacem ne ko Dangote ko Diamond, kwanon sarki biyu ne. Ke nan ɗaya da huɗu shi ne buhu ɗaya da kwanon yashi takwas, kuma zai shafe murabba'in mita 8 zuwa 10 a kaurin milimita 12 zuwa 15. Yashin ya zama tankaɗaɗɗe, mara laka: ki damƙa a hannu, idan ya dunƙule ya bar jan shafi a tafinki, laka ta yi yawa, filastar za ta tsattsage. A jiƙa bulo kafin a shafa, a riƙa yayyafa wa filasta ruwa kwana bakwai, sannan a ba ta mako uku zuwa huɗu kafin fenti. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska na shanye ruwan filasta da wuri, sai a ƙara yawan yayyafi.

Abu biyu ne nake hana mutane da ƙarfi. Na farko, manna tayil a kan bango mai laima. Ana yinsa sosai saboda yana da kyan gani, amma ruwan da aka toshe wa hanya sama yake ƙara hawa, ya fito a saman tayil ɗin, ko ya ɓulla ta ɗaya fuskar. Na biyu, sikiridin da POP a wajen da ke da laima ko a bangon waje. Jifsam yana shan ruwa. Sikiridin ado ne na busasshen bangon ciki, kaurin milimita ɗaya ko biyu a kowane hawa, don a rufe ƙurajen filasta. Ba ya miƙar da karkataccen bango, ba ya maganin ruwa. Shi ne abin da nake zaton mai kwana biyun nan zai yi miki: ya kankare fenti, ya shafa sikiridin, ya bi da fenti.

Idan akwai tsaga a bangon, ki nuna musu ita ki ji me za su ce. Siririya kamar gashi ta filasta ce, ana buɗe ta kaɗan a cike. Wadda ke bin layin da ginshiƙin kankare ya haɗu da bulo, ko inda aka haƙa aka binne fayif, sai an shimfiɗa mata wayar raga ta haye ɓangarorin biyu kafin a shafe. Amma tsagar da ta tafi a karkace kamar matakala, ta fi milimita 3 faɗi, tana ƙaruwa, ko ƙofa ta fara cijewa, wannan maganar tushe ce. Injiniyan gini ake kira, kuma mai filastar da ya ce miki haka ki riƙe shi, don ya san iyakar aikinsa.

Batun zaɓen mutum kuwa, hoton waya ba shaida ba ne, kowa na iya tura aikin wani. Ki ce ya kai ki, ko ya kai ɗanki, gidan da ya yi wa aiki wanda damina ɗaya aƙalla ta wuce a kansa, a yi magana da masu gidan. A je da tocila, a jingina ta da bango ta haska a kwance: duk tudu da kwari da layin gaɓa za su fito. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai mita biyu, ratar da ke ƙarƙashinsa kada ta wuce milimita 3 ko 4. Masu shagon kayan gini na unguwa sun san wanda ke sayen tef da fentin ƙasa da wanda ba ya saye, tambayarsu na da amfani. Takardar NVTI, wato shaidar koyon sana'a ta gwamnati, abu ne mai kyau idan yana da ita, sai dai ƙwararru da yawa a hannun masta suka koya, aikinsu ne takardarsu. Ki kuma tambaye shi kai tsaye: shi zai tsaya a kan aikin, ko yara zai turo ya tafi wani wurin? Yara na iya dama ƙulli da guga, amma gaɓa da shafin ƙarshe na hannun masta ne.

Farashin nan biyu da aka ba ki ba za su kwatantu ba sai kowanne ya rubuta abin da ke ciki. A raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. A rubuta awon wajen, adadin allo da kaurinsa, sukuru, tef, ƙulli, siminti, yashi, sunan fenti da hawa nawa. Kina iya bin lissafin: allo ɗaya murabba'in mita 2.88 ne, don haka falo mai mita 4 da 5 zai ci allo bakwai, a sayi takwas saboda yanka. Litar fentin ruwa ɗaya tana shafe kamar murabba'in mita 10 a hawa ɗaya, ƙasa da haka a sabuwar filasta. Wanda ya rubuta allo goma sha biyar don gyaran gefe guda, ki tambaye shi ina za su shiga. Farashin kaya na motsi da darajar sidi, saboda haka ki tura a tambayo shago biyu a makon da za a fara, kuma ya fi kyau ki sayi kayan da kanki tare da shi, ki riƙe rasit. Buhun siminti ko na POP da ya yi ƙulalai masu tauri ya sha laima, a bar wa mai shago. Allo kuma a kwantar da shi a busasshen wuri a kan katako, kada a jingina shi, zai lanƙwashe.

A yi jinga a kan aikin gaba ɗaya maimakon biyan yini, amma a rubuta kwanakin jiran bushewa a ciki, don mai jinga yana da gaggawa. A fayyace wa zai biya kuɗin abinci, wa zai kawo abin hawa, wa zai rufe kujeru da leda, wa zai kwashe ɓaraguzai. Ƙurar sanfefa tana shiga ko'ina, a fitar da yara da mai asma daga ɗakin, masu aikin su rufe hanci. Kuɗin aiki a biya shi kashi-kashi: kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, wani kashin bayan an ɗaure allo an sa tef kin gani da idonki kafin a rufe, wani bayan fenti, a riƙe kashi goma cikin ɗari sai an yi ruwa mai ƙarfi ko wata ɗaya ya wuce. Ki biya ta momo, wato tura kuɗi ta waya, zuwa lambar da ke ɗauke da sunansa, wanda ya yi daidai da na katinsa na ɗan ƙasa, Ghana Card, don ya zama akwai shaida. Ko ɗan'uwa ne, ko a masallaci ɗaya suke sallah da Alhaji, a rubuta a sa shaidu biyu. Alƙur'ani ma ya yi umarni da rubuta bashi, kuma rubutun ne ke tsare zumuncin idan an sami saɓani. Duk ƙarin aikin da ya ɓullo bayan an buɗe silin, a tsaya a yi cinikinsa kafin a taɓa shi.

Idan gidan haya ne, kada a fasa ko'ina sai mai gida ya yarda a rubuce, an kuma faɗi ko za a cire kuɗin daga haya, domin yoyon rufi da laimar tushe gyaran ginin ne kansa. Idan kun kasa daidaitawa, ofishin gwamnati mai kula da harkar haya, Rent Control, ne ke sauraron irin wannan. Idan kuma ruwan daga wajen maƙwabta yake, a zauna da su tun kafin a sayi buhu ɗaya, ko da sai an sa mai unguwa ko liman a tsakani.

Ki sake kiran mutanen nan biyu, kowanne daban, ki yi musu tambaya iri ɗaya: daga ina ruwan yake, me za ka sa a gaɓar allo, kwana nawa za ka jira kafin fenti? Idan aljihu bai kai duka aikin yanzu ba, a raba shi. A gyara rufi da magudanar waje, a sauke allon da ya lotsa tun bai faɗo a kan mutum ba, a kankare filastar da ta ruɓe a bar bangon a buɗe ya bushe cikin rani. Filasta da sikiridin da fenti su biyo baya idan kuɗi ya samu, amma a gama rufin kafin ƙarshen Maris.